Goshin Maman Kirsti

Talata, da hantsi

Shuvai ce ta ba ni littafin nan, wai in riƙa rubuta labarai masu daɗi na yaran da muke ciyarwa, ita kuma ta juya su Turanci ta aika wa masu taimakonmu na ƙetare. Na ce mata to. Jikata ce, Gogo take ce mini, wato kaka, ta yi jami'a, ita ke riƙe da ofishin ƙungiyarmu ta Tukunyar Kakanni, kuma in ta ɗaure fuska sak marigayi kakanta ranar da akuya ta cinye masa hula. Amma littafi ya riga ya shigo hannuna, abin da na ga dama zan rubuta. Ban yi nisa ba a makarantar mishan, kuma ko a can ba a taɓa yabona da jin magana ba.

Ga labari mai daɗi: yau ma wuta ta kama, kunun masara da gyaɗa ya dahu, yara sun sha sun lashe kwano sun koma aji.

Ga marar daɗin: babbar ƙungiyar da ke aiko mana da masara daga Harare ta janye hannunta, saboda abin da ya faru a sito watan jiya. Ba zan ce komai a kan wannan ba. Waɗanda suka rage mana su ne matan wani coci a Sikotland, ƙawayen Maman Kirsti. Jiya shugaban kwamiti ya faɗa, yana kallon takalminsa: in su ma suka janye, ƙarshen wata za a kife tukunya. Ga masarar gona ko gemu ba ta fitar ba, kuma yawancin yaran nan kunun nan shi ne karin safensu, shi ne na rana.

Talata, da yamma

Kowace Talata Shuvai takan jingina faffaɗar wayar ofis a taga, inda sabis yake zama. Ni madubi nake ce mata. Sai mu taru, Maman Kirsti ta fito. Dabarar Shuvai ce. Ta ce wanda ke ciyar da yaranka daga nesa bai kamata ya san ka a takarda kawai ba, ya kamata ya san muryarka, kai ma ka san ko ya kwana lafiya.

Na ce Maman Kirsti takan fito, amma gaskiya goshinta ne ke fitowa. Tun bara waccan muke hira, ban taɓa ganin matar nan gaba ɗaya ba sai a hoto. Manna wayar take yi a fuska, mu ga goshi, da saman tabarau, ranar da aka yi sa'a har da ƙofar hanci. Sai ta yi ta zuba ba sauti, mu muna ta nuna mata kunne, can sai muryar ta faso kamar an banke ƙofa: "Kuna ji na? Kuna ji na? Kalum! Zo ka gani, abin nan ya sake lalacewa!" Kalum mijinta ne, Baban Kirsti. Shi kam hannunsa kaɗai muka sani, yana miƙo kofin shayi.

Har yau abin nan bai daina ɗaure mini kai ba. Mace tana zaune a ƙarshen duniya, ƙanƙara na zuba a bayan tagarta kamar ana tankaɗen gari, ni ina nan gumi na bin bayana, amma ta san akuyata ta haihu, ta san wane yaro ne ba ya son gyaɗa a kunu. Ba ta taɓa taka ƙasarmu ba. Ikon Allah.

Yau mun jira har inuwa ta juya. Goshi bai fito ba.

Laraba, da safe

Na share sito. Babu wani abin sharewa sosai. Sabon kwaɗon yana da tauri.

Alhamis, bayan taron mata

Chihera, wadda muke juya tukunya tare, bakinta ba ya da ƙofa. Muna fitowa daga coci ta ce, "MaGumbo, ƙawarki mai goshi ta gudu. Ta ji labari."

Na ce, "Wa zai gaya mata? Ke dai Turancinki bai wuce gaisuwa ba, ita ma a karkace."

Sai Shuvai ta ce daga bayanmu, "Ni na gaya musu, Gogo. Na rubuta musu komai."

Na tsaya. Na ce, "Komai?"

"Komai. In suka ji daga wani bakin, ba za su ƙara yarda da namu ba."

"Har da sunan wanda ya kwashe siton?"

"Har da suna. Har da cewa kawuna ne, ɗanki."

Na ce musu bari in je in duba akuya. Akuya lafiyarta ƙalau. Na daɗe ina duba ta.

Juma'a, da yamma

Ban yi wa Shuvai magana ba yau. Ta kawo mini sadza, tuwonmu na masara, da ganye, na ci, don ba da sadza nake fushi ba.

Asabar, da hantsi

Na tuna wani abu ina wanki, har na yi dariya ni kaɗai.

Ni ce sahwira ta rabin gidajen ƙauyen nan. In aka yi mutuwa, sai an bar kuka ya yi kuka, sannan in shiga ɗaki in sa kayan mamaci, in fito da tafiyarsa da muryarsa, in tona rowarsa da son giyarsa da yadda yake gyangyaɗi a coci, har matarsa ta fashe da dariya hawaye na kan kumatunta. Kuma ba na cire kayan sai dangi sun fanshe su da ɗan wani abu. Aikina ne, kamar yadda haƙa kabari yake aikin surukai.

To, wata Talata cikin bazarar da ta wuce na zo gaban madubi kai tsaye daga gidan makoki, da hular mamaci a kaina, na manta ban cire ba. Maman Kirsti ta tambaya, Shuvai ta yi mata bayani tana jin kunya. Goshin nan ya yi ta rawa don dariya. Sai ta ce, "To ni ma na ɗauke ki aiki. In na riga ki tafiya, ke za ki yi mini."

Na ce, "Sai dai in yi goshi, don shi kaɗai na sani."

Ta ce ya isa.

Ranar ce na fara ganinta da ɗankwali. Na ce mata, "Sai yanzu kika yi hankali, kin fara rufe kai kamar matar aure!" Ta ce ai gashin ne ya gaji da ita. Muka yi dariya.

Na wanke bargon ɗakin baya ma. Ba wanda ke kwana a kansa, amma ƙura ba ta san haka ba.

Talata, da yamma

Maman Kirsti ba ta fito ba. Chihera ba ta ce komai ba, shi ya fi ba ni tsoro.

Laraba, tsakar rana

'Yarta Kirsti ta rubuto wa Shuvai. Ba guduwa ta yi ba. Maman Kirsti ta rasu a asibiti ranar Lahadi.

Laraba, da yamma

Ashe ɗankwalin nan, ciwo ne ya cinye gashin. Ashe.

Alhamis, da safe

Shuvai ta ce za ta aika takardar ta'aziyya mai hoton fure, da sunayenmu duka. Chihera ta aje muciya ta ce, "Fure? Matar da ta ciyar da jikokina, fure? Kaza ce ta mutu?"

Shuvai ta ce, "Haka suke yi a can, Gogo Chihera."

"Mu ba a can muke ba. Za mu je mu kama hannun mijinta."

"Da wane jirgin?"

Chihera ta nuna taga da baki. "Da wanda take zuwa mana da shi kowace Talata."

Shuvai ta dube mu, tsofaffi da zannuwa da hayaƙi a ido, ta sauke numfashi. Ta ce za ta tambayi Kirsti ko mahaifinta zai yarda. Amma ta ja kunnenmu: mutumin nan shi ne ke da ta cewa yanzu ko matan cocin za su ci gaba da aiko mana ko a'a, kuma wasunsu tuni suka fara ƙorafi kan maganar sito. A zauna da natsuwa, a yi waƙa ɗaya, a tashi. Tana faɗa tana kallona. Ni kuwa ina kallon rufi.

Wai har yanzu ba a binne ta ba. A can sai gawa ta yi makonni tana jiran layi. Kai, duniya da faɗi take.

Asabar, bayan faɗuwar rana

Bari in rubuta yadda aka yi.

Da safe muka ɗaura jan ƙyalle a ƙofar shiga, don mai wucewa ya san gidan makoki ne. Muka fitar da tebur da kujeru da kabad ɗin ofis waje, muka shimfiɗa tabarmi, muka zauna a ƙasa ƙafa a miƙe. Mutanen da ba su ma san wa ya mutu ba sun ga ƙyalle sun shigo sun zauna. Ɗaki ya cika har baranda.

Madubi ya haskaka. Karon farko ke nan na ga Baban Kirsti: dogo, siriri, da gira kamar ciyawar bakin rafi. Sai na duba bayansa. Kujeru suna nan a jere inda suke. Ba kowa a kansu. Ba mace ko ɗaya a ƙasa, ba wuta a tsakar gida, ba mai dama masa ko ruwa. Kyanwa ce kawai a kan taga. Matarsa ta mutu, shi kaɗai ne a gida da kyanwa. Kirsti ma wai ta koma garinsu wurin yara sai ranar jana'iza.

Chihera ta raɗa mini, "Ina mutanen garin? Annoba aka yi?"

Muka tafa hannu muka gaishe shi da hasara, ɗaya bayan ɗaya, kowace ta matso ta ɗora tafinta a kan madubin. Shi kuma yana ta cewa ya gode, ya gode, kamar mai karɓar kaya a kanti. Aka ɗauki waƙa, aka kaɗa caki. Ya zauna a miƙe, fuskarsa kamar ƙofar da aka sa wa sakata. Na ga gidajen makoki da yawa. Na san irin fuskar nan. Mutum ne da kukan ya tsaya masa a ƙirji, ya ƙi hawa ya ƙi sauka.

To, ni an ɗauke ni aiki. Da bakinta ta faɗa.

Na zame na fita kamar mai zagayawa. Na ari tabarau na shugaban kwamiti daga hancinsa, na sa rigar sanyi mai maɓallai, na ɗaura ɗankwali irin ɗaurinta, a karkace, na ɗauki kofi. Na shigo ina ɗingishi kaɗan, don ta sha yi mana ƙorafin gwiwa. Shuvai ta gan ni, idonta ya fito, ta ce "Gogo, a'a," amma na riga na isa taga.

Na manna goshina a madubi.

Na yi ta motsa baki ba sauti, ina kaɗa kai, ina nuni da yatsa. Bayana ɗakin ya fara tsiyayar dariya. Sannan na fasa da ƙarfi, da Turancina na mishan: "Kuna ji na? Kuna ji na? Kalum! Zo ka gani, abin nan ya sake lalacewa! Kalum, shayin nan ruwan wanka ne? Shekara nawa ina koya maka!" Na rera waƙar cocin da takan rera mana, yadda take rerawa, kamar akuya ta maƙale a shinge. Na tuhumi yaro ɗaya a kan me ya sa bai wanke bayan kunnensa ba. Mata suna faɗuwa a kan juna.

Na ja baya don in ga fuskarsa. Ya rufe ta da hannu biyu. Kafaɗunsa na girgiza. Sai muka ga rufin ɗakinsa, muka ga ƙafar kyanwa, madubi ya yi baƙi.

Dariya ta ɗauke kamar an hura fitila.

Lahadi, da safe

Shuvai ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce, "Gogo, can ba nan Gutu ba ne. Mutumin nan bai san sahwira ba. Abin da ya gani shi ne tsohuwa tana kwaikwayon matarsa da ko binne ta ba a yi ba, ɗaki guda na dariya. Bayan kuma abin da gidanmu ya riga ya yi musu."

Gidanmu. Haka ta ce.

Na ce, "Ita ta sa ni."

Ta ce, "Ita ta sani. Shi fa?"

Na ɗauki mayafina. Na tafi coci, ban ji ko kalma ɗaya ta wa'azi ba.

Litinin, da yamma

Shuvai ta wuni tana rubuta wa Kirsti, tana gogewa tana sakewa. Ta karanta mini. Ta ba da haƙuri, ta bayyana mene ne sahwira, ta ce a wurinmu wanda aka ƙaunata ake yi wa haka, wanda ba a damu da shi ba shiru ake binne shi. Ta ba da labarin ranar hular. Yarinyar nan ta iya jera magana, ban san inda ta gado ba. Na ce ta ƙara da cewa tabarau ɗin aro ne. Ta harare ni.

Talata

Ba a jingina madubi ba yau. Wa za a jira?

Laraba, da hantsi

Mun buɗe buhu na ƙarshe. Chihera ta ce a ƙara ruwa a kunu. Wata yarinya ta ɗaga cokali tana kallon yadda yake zuba, ta dube ni.

Matan sun rabu biyu. Wasu na cewa na yi abin da ya kamata, wasu na cewa bakina ya ƙarasa abin da wani ya fara. Ba sa faɗin sunan wanin a gabana. Na gode musu.

Alhamis, da yamma

Wani direban mota ya ce ya ga wani mai kama da kawun Shuvai a tashar kan iyaka, yana neman tsallakawa kudu. Ya ce ya rame. Ban tambaya ba, shi ya faɗa. Ya rame, in ji shi.

Na ba akuya ruwa sau biyu.

Juma'a, tsakar rana

Ya kira! Shi da kansa, ba Talata ba, ba komai ba. Ina tsakiyar wanke tukunya Shuvai ta fito a guje ba takalmi, "Gogo! Gogo, zo!" Na shiga da toka har gwiwar hannu.

Ya ce, "Ke ce matar?"

Na ce ni ce, na durƙusa zan fara ba da haƙuri, ya ɗaga hannu. Ya ce ba kashewa ya yi ba, wayar ce ta suɓuce masa. Wai da na ce shayin ruwan wanka ne, dariya ta kama shi kamar shaƙuwa, ya kasa tsayar da ita, daga nan ta juye ta zama wani abu. Ya ce a ƙasa ya zauna, har gari ya yi duhu. Tun daga asibiti bai zubar da hawaye ba sai ranar. Kunya ce ta hana shi kira, har saƙon Shuvai ya zo.

Ya ce, "Kowa da ya zo cewa yake mala'ika ce. Ni ban san wannan matar da suke faɗa ba. Tawa dai ita ce kika kawo." Sai ya ƙara da cewa, "Amma gwiwar hagu ce. Ke dama kika yi."

Na ce a gafarce ni, goshi kaɗai aka nuna mini.

Sai ya ce ranar Litinin za a binne ta, bayan nan za a taru a zauren coci a sha shayi. Yana so in sake yi a gaban ƙawayenta. Ya kuma faɗi gaskiya: ranar ce za su yanke ko za su ci gaba da taimakonmu, kuma shi bai yi mana alkawari ba, don shi bai taɓa sa kansa a harkar ba, shayi kawai yake kawowa.

Da madubi ya mutu Shuvai ta zauna a ƙasa ta ce, "Ni dai na daina gane duniya." Na ce ta sha kuruminta, ni na girme ta kuma ban fara ba.

Asabar

Ina ta gwada ɗingishin hagu. Chihera ta ce kamar kaza ta taka wuta.

Litinin, da yamma

Ya Ubangiji, abin da idona ya gani.

Sun haska mu a bangon zaurensu. Kirsti ta juya wayarta ta nuna mana: ga tsofaffi farare cikin baƙaƙen kaya, a jere da kofuna, ga mu kuma a bango, kowace ɗaya kamar bukka. Chihera ta ga kanta ta gyara ɗaurin zane. Ni, MaGumbo, da ban taɓa wuce Masvingo ba, ga ni tsaye a bangon coci a Sikotland. Ta ina na bi? Wane teku na tsallaka ban jiƙe ba?

Baban Kirsti ya tashi ya yi musu bayani a taƙaice. Sannan na manna goshi. Ka yi tunanin goshina ya cika bango.

Da farko shiru, sai ƙarar cokali. Da na kira "Kalum!" wata tsohuwa a gaba ta fesar da shayi. Shi ke nan, ya ɓalle. Wata mai doguwar riga dai ta tashi ta ɗauki jakarta ta fita, ba ta waiwayo ba. Ban ga laifinta ba. Sauran kuwa, da na gama waƙar akuya, sai suka karɓe aikin daga hannuna. Wannan ta ce marigayiya takan sake jera furannin coci bayan wata ta jera. Waccan ta ce ta ari tukunyarta tun auren Kirsti, har yau. Fasto ma ya ce takan gyara masa wa'azi a bakin ƙofa. Suna faɗa suna dariya suna share ido. Daga nan ɗakinmu Chihera ta rangaɗa guɗa, suka firgita, suka sake fashewa.

Can wata mai gajeren gashi ta miƙe. Ba ta yi dariya da yawa ba tun farko. Ta ce, cikin ladabi, ta ji daɗin wannan, amma akwai maganar sito. Abin da suka tara da sayar da waina da saƙa ya bi ta wata hanya. Me zai sa su sake?

Shuvai ta buɗe baki, ta faɗi abin da aka gyara: kwaɗo biyu, makulli a hannun mutum biyu, hoton sito duk mako. Ta faɗa da kyau. Matar ta gyaɗa kai, amma ba ta zauna ba. Ni take kallo. Ta san ko ni wace ce, ai an rubuta musu.

Ni ba ni da abin cewa. Amma tabarau na kan hancina har lokacin, kuma mai tabarau ba ta taɓa rasa abin cewa ba. Na matso da goshi, na ce da muryarta: "Yaran ne suka buɗe siton? A'a? To me kuke jira, a ɗora tukunya!"

Baban Kirsti ya aje kofinsa. Ya ce, "Haka ta ce. A gadon asibiti, da Kirsti ta karanta mata saƙonku na maganar sito. Sai dai ita ta haɗa da wata kalma da ba a faɗa a coci." Sai ya dube ni. "Ta kuma ce a tambayi uwar ko tana cin abinci. Na manta ban tambaya ba."

Tabarau ɗin shugaban kwamiti ba su da kyau, hazo suke yi. Na daɗe ban ga bango ba.

Can na ce masa, bisa al'ada ba zan cire kayan marigayiya ba sai dangi sun fanshe su. Ya shafa aljihu ya ce me ake bayarwa. Na ce a nan kaza ce ko ɗan canjin shan maheu, kununmu mai tsami, amma kazarsa kafin ta iso ta tsufa. Na ce, "Talata za ka ba ni. Kujerarta tana nan a gaban taga. Ka riƙa zuwa kana zama, kai da kyanwar."

Ya ce shi ba ya iya hira.

Chihera ta ce, "Gaya masa ba a buƙata. Mu muna da ta shekara goma a ajiye."

Ya ce to. Na cire tabarau.

Sun ce za su yi shawara bayan an kashe waya. Mun mayar da tebur da kujeru, mun kwance jan ƙyalle.

Laraba, da hantsi

Kirsti ta rubuto. Za su ci gaba. Ba duka ba, mai doguwar riga da wasu sun fita, don haka gyaɗa za ta yi ƙaranci har girbi. Mai gajeren gashi ta tsaya, kuma ita za a riƙa tura wa hoton sito. Na ce madalla, irinta ake so a bakin ƙofa.

Shuvai ta kawo mini sadza. Ta zauna har na cinye. Ta ce an sa ta ta tabbatar.

Asabar

Motar masara ta zo daga Mupandawana. Chihera ta riƙe makulli ɗaya, shugaban kwamiti ɗaya. Ni muciya ta ishe ni.

Talata, da yamma

Kunu ya yi kauri yau, cokali na tsayawa. Yarinyar nan ta ɗaga nata ta juya shi, bai zuba ba, ta dube ni ta yi murmushi da giɓi.

Shuvai ta jingina madubi a taga. Muka zauna. Chihera na cewa ba zai zo ba, maza ba su da alkawari, ta binne biyu ta sani. Sai madubi ya haskaka.

Goshi ne. Wani sabo, mai faɗi, da gira kamar ciyawar bakin rafi, ya cika madubin daga gefe zuwa gefe. Yana ta motsi, alamar a ƙasa baki na zuba, amma ba sauti ko kaɗan.

Shuvai ta ɗaga hannu za ta nuna masa kunne. Na riƙe hannun. Na ce ta bar shi tukuna, in ƙara kallo.